Baƙin Fim na Ranar Husufi

Maganar ta taso daga Anka ranar Asabar, ta kwana a Bukkuyum, kafin la'asar ta Lahadi ta shigo Gummi ta zauna kamar 'yar gida. An ce Malam Mas'ud, malamin kimiyyar nan na Anka da aka sa wa rana da Zinatu 'yar Malam Shitu, yana da albam guda cike da hotunan matan Gummi babu mayafi, yana buɗe wa samarin majalisa suna kallo suna shewa. Wasu suka ce albam biyu ne. Wata mai tallar daddawa ta rantse ta san wanda ya san wanda ya ƙirga su.

Zinatu ta ji a makarantar firamaren da take koyarwa, ta yi dariya. An ce ruwa ba ya tsami banza, amma ta sha ganin ruwan da bakin mutane kaɗai ya tsamar da shi. Kuma ta san hanyar da kowane hotonta yake bi.

Kyamarar tsarabar Makka ce, kawunta ya kawo mata shekara shida da suka wuce. Ba sana'a ta ɗauke ta ba, so ne kawai. Tunda aka hana maza masu hoto shiga cikin gida wurin biki, sai mata suka riƙa cewa a kira Zinatu. Ta ɗauke su wurin ƙunshi, wurin kitso, wurin daka, suna dariya haƙora waje, irin dariyar da ba a yi a gaban namiji. Kowace mace hotonta a hannunta za a damƙa mata. Fim ɗin da aka wanke kuwa yana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadon Zinatu.

Mutum ɗaya ne ke tsakanin kyamararta da gwangwanin, shi ne Mas'ud. Babu wurin wankin hoto a Gummi, sai Gusau. Shi ma mai son hoton ne, nasa na shanu da duwatsu da gulbi. Duk ƙarshen wata ya zo zance ya karɓi fina-finanta, ya kai, ya dawo mata da ambulan a liƙe.

Ranar Litinin bayan azahar dariyarta ta ƙare.

Mahaifinta ya kira ta zaure. Ta same shi a kan buzu, gefensa Khalifa, ɗan dillalin shinkafar nan da ya yi shekara biyu yana neman ta tana ce masa ya yi haƙuri. Khalifa bai ɗago kai ba.

"Taho nan," in ji Malam Shitu. Ya turo wata takarda a kife da bayan yatsa, kamar mai ture kunama. "Buɗe."

Ta buɗe. Nusaiba ce, 'yar ƙanen mahaifinta, amaryar wata huɗu. Tana zaune a kan turmi a tsakar gidan nan, jikin farin bango, da ɗaurin ƙirji, rabin kanta a tsefe, hannuwanta a naɗe cikin lalle, ta jefa kai baya tana ƙyaƙyatawa. Hoton ya yi fari-fari kamar an wanke shi da omo, amma ko makaho ya shafa ya san Nusaiba ce.

"Ke kinka ɗauke shi?"

"Ni ce, Baba."

"Kin ba Nusaiba nata?"

Zinatu ta ƙura wa hoton ido. Ta tuna fim ɗin bikin. Hoto talatin da shida ta ɗauka, talatin da uku Mas'ud ya kawo. Ya ce ukun sun ƙone, rana ta yi musu yawa, masu wanki sun ce babu komai a ciki. Wannan yana cikin ukun.

"Ban taɓa ganin shi a wanke ba sai yau," ta ce a hankali.

"To, shi wanda ka kai miki wanki ya gani." Malam Shitu ya juya ga Khalifa. "Hwaɗa mata inda ka samo."

"A tashar Anka," in ji Khalifa. "Hannun wani direba. Na amshe na yaga biyu, wannan na kawo don kada a ce ƙage na yi." Sai a lokacin ya dube ta. "Malama, na san abin da za ki ce. Za ki ce mai nema ne ya samu hanya. Wallahi na fi son ki ƙi ni har abada da in ga wannan a hannun 'yan tasha."

Abin haushin shi ne ta san gaskiya yake faɗa. Da maƙaryaci ne da ta samu wanda za ta tsana.

"Ban yi miki dole ga kowa," in ji mahaifinta. "Ki zauna ɗakin uwarki har ki yi hurhura, ni ban damu ba. Amma ranar Juma'a bayan masallaci za a maida musu goronsu da tabarmansu. Wanda yat tona asirin ɗiyar ƙanena bai zama surukina."

"Baba, a tambaye shi tukuna."

"An tambaya. Baffanki ya tahi da ƙahwa tai. Yac ce daga hannunshi ya hita."

* * *

Nusaiba tana ɗakin Inna, mahaifiyar Zinatu, tun daren jiya. Mijinta Nuhu ya ɗauko ta daga Bukkuyum ya sauke ta a ƙofar gida, ya ce ta zauna tukuna har ya ji abin da zuciyarsa za ta ce. Bai sake ta ba, bai kuma ce ga ranar da zai dawo ba.

Zinatu ta durƙusa a gabanta.

"Yaya Zinatu, na ce miki kar ki ɗauka," in ji Nusaiba, muryarta ta dushe don kuka. "Na ce bari in ɗaura kallabi. Kika ce ai mu-ya-mu ne."

"Na ce."

"Yanzu in Nuhu ya shiga kasuwa sai ya ga an yi shiru. Ya ce ya fi son a zage shi da wannan shirun. Ya ce duk namijin da ya gaishe shi sai ya tambayi kansa, shi ma ya gani?"

"Zan karɓo miki fim ɗin. Ko yana ƙarƙashin ƙasa."

"Ki karɓo idanun mutane in kina iyawa."

Inna tana bakin ƙofa a kan keken ɗinki, ba ta ɗinka komai ba tun safe. Ta ɗauki almakashinta mai haƙora, wanda take yanke bakin yadi da shi don kada ya zare, ta gwada a wani ƙyalle ta ajiye da tsaki.

"Tun randa kinka yanka mishi baƙin him da wanga almakashi bai ƙara cin atamfa daidai ba," ta ce. "Ga ladar hidima nan kin gani."

Zinatu ta sunkuyar da kai. Mako uku ke nan. Da rediyo ta fara shelar za a yi husufin rana, Mas'ud ya zo yana rawar jiki kamar wanda za a yi wa biki. Ya ce yana son kowane ɗalibinsa ya kalla da idonsa, ta tara masa baƙaƙen wutsiyoyin fim, waɗanda haske ya cinye babu hoto a cikinsu. Rediyon ta yi gargaɗi cewa fim ba ya tsare ido, amma Mas'ud ya ce a riɓa biyu a kalla a kau da kai. Ta zauna a wannan ɗaki mai taga ɗaya ta zazzage gwangwani, ta tsince duk mai baƙi, ta yayyanka guda arba'in ta zuba masa a ambulan. Ranar husufin, Laraba da hantsi, an ce a Anka duhu ya rufe har kaji suka shiga akurki. Ya kira ta a wayar maƙwabta yana cewa, "Zinatu, na ga taurari da rana tsaka. Da kina nan da na ce ki ɗauke ni hoto ina kuka."

Mutumin da ya yi kuka don ya ga taurari, shi ne zai buɗe wa 'yan tasha kan Nusaiba?

"Inna, gobe zan tafi gaida Gwaggo Atine."

Inna ta daɗe tana kallon ta. Gwaggo Atine a Anka take aure.

"Ƙahwarta na ciwo kam," ta ce daga ƙarshe. "Ki kai mata man zahi. Ki komo kahin magariba."

* * *

Motar ta tsaya a Daki Takwas, ta tsaya a kowane ƙauye mai inuwa, ta isa Anka rana ta take tsaka. Zafin bazara ya sa har awaki sun lafe a gindin katanga.

Gwaggo Atine ba ta tambaye ta komai ba. Ta karɓi man zafin, ta yafa gyale, ta taka ƙafar da aka ce tana ciwo, ta tafi da kanta ta kira Mas'ud. Ta dawo ta zauna a bayan ƙofar zaure da carbi, inda za ta ji komai ta ce ba ta ji ba.

Ya shigo da sallama. Ya rame. Babu alli a hannun rigarsa kamar yadda ta saba gani.

"Ba ka je makaranta ba?"

"Sun ce in huta a gida har kwamiti ya zauna."

Ta ajiye hoton a tsakaninsu a kan tabarma. Bai kalla ba.

"Malam, tambaya ɗaya na zo da ita. An ce kana da albam."

"Ba ni da albam sai na shanu. Kin san shi."

Zuciyarta ta ɗan saki. "To wannan fa?"

"Daga hannuna ya fita."

"Na ji ka faɗa wa Baffa. Ni ba Baffa ba ce. Ta yaya ya fita?"

Ya kau da kai.

"Ka ce min ukun sun ƙone."

"Haka masu wanki suka ce."

"To wa ya tashe su daga toka?"

"Zinatu, ki bar shi haka nan."

"In bar shi? Nusaiba na kwance a ɗakin Inna ba ta ci abinci ba kwana biyu. Juma'ar nan za a ɗauko goronku a kawo wa mahaifiyarka a tsakar gida. In bar me?" Hawayen da ta riƙe tun daga Gummi suka ɓalle. "Ka ce min sace maka aka yi. Ka ce masu wanki ne suka ci amana. Ka ce ambulan ya faɗi a mota. Ko ƙarya ce ka yi min, zan ɗauke ta a ka in kai wa Baba, in rantse a kanta."

"Ba zan sa ki rantse a kan ƙarya ba."

"To ba ni gaskiyar."

"Na ba ki. Hannuna ne."

"Da saninka?"

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja kamar gauta. Ta ga maganar ta zo har bakinsa, ta ga ya haɗiye ta.

"Abin da hannu ya yi, mai hannu ake tambaya," ya ce.

"Shekara uku, Mas'ud." Ba ta taɓa kiran sunansa a gabansa ba sai yau. "Shekara uku ina ba ka matan garinmu a cikin ambulan. Matar liman tana ciki. Innata tana ciki. Ni kaina ina ciki, ranar da Nusaiba ta ƙwace kyamarar ta ɗauke ni ina wanke kai. Wannan ma ka nuna musu? Sun ce na yi kyau?"

"Kada ki faɗi haka."

"Da ka ce kana son ganin gashina ai da ka jira bayan damina. Wata biyar ya rage. Wata biyar kawai."

Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Kafaɗunsa suka riƙa girgiza. Ta jira. Ta ƙirga numfashinsa tana jiran kalma ɗaya da za ta riƙe. Bai ba ta ba.

Ta buɗe jaka ta fito da wani ƙaramin hoto, na farko da ya taɓa ba ta: balbela a kan bayan bijimi, a bakin gulbi. A bayansa ya rubuta kwanan wata da sunanta kawai. Ta ajiye shi a gabansa.

"Wa ke riƙe da fim ɗin?"

Ya sauke hannunsa da sauri. "Me za ki yi da shi?"

"Na yi wa Nusaiba alkawari."

"Ni zan karɓo in ƙone. Ki koma gida."

"Na daina ba ka saƙo."

"Zinatu, don girman Allah kada ki je."

Ta miƙe. Daga bayan ƙofa muryar Gwaggo Atine ta fito, ba tare da carbin ya tsaya ba.

"Yusuhu mai hoto. Rumhwa ta uku in kin shiga tasha."

* * *

Rumfar Yusufu ta langa-langa ce, da labule mai zanen bene da jirgin sama wanda ake tsayawa a gabansa. Mutum ne mai tumbi da saurin baki. Da ta faɗi ko ita wace ce, sai ya miƙe ya kakkaɓe mata benci.

"Ke ce malamar Gummi mai kyamara? Wallahi kina da ido. Ni shekara goma sha biyar ina wannan aiki, ban taɓa samun mace ta yi min dariya haka ba. Duk sai su ƙame kamar an ce za a yi musu allura."

"Fim ɗin na zo karɓa."

"Ai ni ban san ɗiyar mutunci ba ce. Na ɗauka irin na 'yan wasan kwaikwayo ne. Uku kacal na wanke, don in nuna wa abokan sana'a yadda ake fitar da hoto daga fim ɗin da aka ce ya mutu. Sai wani ya ara, wani ya ara. Kin san hoto, ƙafa gare shi."

"Malam Mas'ud ne ya kawo maka?"

"Kawo min? Rabawa ya yi a filin makaranta, ranar husufi. Ɗalibai suka karɓa, mu ma 'yan gari muka yi layi. Ni ina ɗaga nawa sama, ana ta kabbara, sai na ga mutum a cikin rana." Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya gintse. "Ke ma ai kin sani. Abin da ya yi haske ƙwarai a waje, shi ke yin baƙi a fim. In kin ɗauki hoto da tsakar rana a jikin farin bango, fim ɗin zai fito baƙi ƙirin. A cikin ɗaki ki rantse babu komai. Sai kin ɗaga shi ga rana kanta."

Zinatu ta tuna ɗakin Inna mai taga ɗaya.

"Shi Malam ya zo nan sau uku yana nema," in ji Yusufu yana jan aljihun tebur. "Na ce ya ɓace, don na ga idonsa ba na mai zaman lafiya ba ne. Amma ke mai abu ce. Ungo."

Ya ɗora mata a tafin hannu. Ɗan guntun fim ne, bai kai tsawon yatsa ba, baƙi wuluk.

Masu wanki na Gusau da inji suke yanka, bakin fim ɗinsu santal yake kamar bakin reza. Wannan kuwa, gefensa na dama da na hagu duk haƙora ne, ƙanana, a jere, kamar bakin yadin da Inna ta yanka.

An ce gani ya kori ji. Ba a faɗi inda mutum zai gudu ba idan ganin ne ya biyo shi.

Ba ta san ta fito daga rumfar ba sai da ta ji rana a ka. Mas'ud na tsaye a gindin dalbejiyar bakin tasha, ya biyo ta. Ya dubi hannunta da ke dunƙule, ya dubi fuskarta, kafaɗunsa suka sauka.

"Na ce kada ki je."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na ga hoton. Ban taɓa buɗe ambulan ɗinki na wanki ba, ko sau ɗaya. Hanya ɗaya ce ta rage." Ya matso taku ɗaya ya tsaya, saboda idanun 'yan tasha. "Laifina ne. Ni ne malamin kimiyya. Ya kamata in ɗaga kowane guda in duba kafin in raba. Ɗoki ya hana ni."

"Ni na yanka."

"Ni na roƙa."

"Ka bari na zage ka. Ka bari na ce maka..." Ta share hawaye. "Me ya sa?"

"Saurare ni, lokaci kaɗan ne. Ni namiji ne. Za su yi min canjin makaranta, su tura ni Gwashi ko wani wuri, shekara biyu an manta. Ke fa? Duk macen da kika taɓa ɗauka a Gummi, mijinta zai tambaye ta. Ba za a ƙara buɗe miki ƙofa ba. Nusaiba ba za ta ƙara kallon ki ba. Gidanku da gidan Baffanki za su rabu a kanki."

"Amma Baba zai fasa maida kaya. In ya san ba kai ba ne, zai fasa."

Mas'ud ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo.

"Innata ta dafa Alƙur'ani shekaranjiya. Ta ce ta san ɗanta, ta san ba halina ba ne, kuma duk ranar da ta tabbata daga wurin yarinyar nan abin ya fito, in na aure ki ba ta yafe min nononta ba. Shi ya sa na ce mata ni ne. Har yanzu tana kallo na tana jira in canza magana."

Zinatu ta jingina da itacen. Wani kwandasta na ta kiran Gummi, Gummi, saura mutum biyu.

"Ke nan in na yi shiru Baba ya raba mu. In na yi magana Innarka ta raba mu."

"Haka ne."

"Babu ta uku?"

"Na kwana goma ina nema."

"To me shirun zai saya mana?"

"Sunanki."

"Da naka."

"Nawa na riga na bayar. Kada ki sa ya tafi a banza." Ya miƙo hannu, tafinsa a buɗe. "Ba ni shi. In na ƙone shi, babu wanda zai ƙara ganin haƙoran nan. Yusufu bai lura ba. Ki auri wanda zai riƙe ki da mutunci. Khalifa ba mugu ba ne, na bincika."

"Har ka bincika."

"Me zan yi da kwana goma?"

Ta dubi hannun nasa. Hannun da ya rubuta sunanta a bayan balbela.

"Na yi wa Nusaiba alkawari," ta ce, ta juya ta shiga motar.

Bai kira ta ba. Da motar ta fita tasha ta waiwaya, yana nan a gindin itacen da hannunsa a miƙe, kamar ya manta nasa ne.

* * *

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Zinatu ta je makaranta ta dawo, ta yi wa Nusaiba kunu ta ba ta a baki. Guntun fim ɗin na ƙulle a bakin zanenta. Sau biyu ta tsuguna a gaban murhu ta kwance ƙullin, sau biyu ta mayar.

Ranar Alhamis da yamma Nusaiba ta kama hannunta.

"Yaya, ki yafe min abin da na faɗa miki. Ke ma cutar ki aka yi. Ni mijina zai iya hucewa, ke kuwa an ci amanarki gaba ɗaya. Allah ya isa tsakaninmu da shi."

"Kada ki yi masa Allah ya isa."

"Har yanzu kina son sa?"

Zinatu ta zare hannunta ta fita.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zauren Malam Shitu ya cika. Baffanta, mahaifin Nusaiba, yana nan. Dattawa biyu da za su kai kayan suna nan. Har Nuhu ya zo daga Bukkuyum, ya zauna can gefe yana kallon ƙasa. An jingina tabarmi huɗu a naɗe a jikin bango, ga ƙwaryar goro an ɗaure bakinta da farin ƙyalle.

A cikin gida Inna na kan kekenta. Ta ga Zinatu ta sa hijabi, ta ga ta miƙa hannu ta ɗauki almakashin daga kan keken.

"Ina za ki da shi?"

Inna ta dubi almakashin, ta dubi ƙullin bakin zanen da 'yarta ke kwancewa. Ƙafarta ta sauka daga kan fedar keken.

"Zinatu," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ɗiyata. Tsaya ki ji."

Nusaiba ta leƙo daga ɗaki.

Zinatu ta ratsa tsakar gida, ta wuce turmin da Nusaiba ta zauna a kai ranar ƙunshi, ta wuce farin bangon. Ta yi sallama a ƙofar zaure. Maza suka ɗago kai, don ba a kira ta ba.

"Mi kika nema nan?" in ji mahaifinta.

Ta durƙusa a gaban buzunsa. Ta ajiye guntun fim ɗin, ta ajiye almakashin a gefensa, haƙora kusa da haƙora.

"Baba, Malam Mas'ud ba shi da albam. Bai taɓa buɗe ambulan ɗina ba. Wannan shi ne fim ɗin hoton Nusaiba. Ni na ɗauka bayan ta ce kada in ɗauka, ni na yanke shi da almakashin Inna, ni na sa shi cikin waɗanda aka raba ranar husufi."